Gudan Jinin Da Ke Ƙulluwa A Kan Gadon Asibiti

Duk wanda ya daɗe yana aikin jinya ya san irin rasuwar da nake son yin bayani a kanta. Majinyaci ya zo da karaya, ko an yi masa tiyata, an sha fama a kansa a kwanakin farko, sannan sauƙi ya fara samuwa, yana cin abinci, yana amsa gaisuwar 'yan dubiya, har an soma maganar ranar sallama. Sai wata safiya numfashinsa ya sarƙe, ya dafe ƙirji, kafin a turo tukunyar iska rai ya yi halinsa. Dangi su ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa, domin babu mai wuce lokacinsa. Amma mu da aka ɗora wa amanar kula da shi, wajibi ne mu tambayi kanmu ko mun riƙi sababin da ke hannunmu.

Shekaru da suka wuce, a wani asibiti da na yi aiki a nan Katsina, an kwantar da wani dattijo manomi daga wani ƙauye da ke kan hanyar Daura. Babur ne ya kayar da shi, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye, aka rataya wa ƙafar nauyi yana jiran 'ya'yansa su haɗa kuɗin aiki. A rana ta bakwai babban ɗansa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, ɗaya ƙafar ta Baba ta ɗan tasa, kuma yana cewa sha-raɓarshi na yi mashi ciwo." Na ɗaga mayafin da aka lulluɓe shi da shi, na ga kumburin, na ɗauka na doguwar kwanciya ne, na ce a sa masa matashi a ƙarƙashin ƙafar. Ban auna ba, ban rubuta a fayil ba, ban kuma shaida wa likita ba. Kwana biyu bayan nan, da sassafe, ya yunƙura zai zauna ya sha koko, sai ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, iska ba ta isa ta." Bai kai hantsi ba. Ba a yi binciken gawa ba, kamar yadda ba mu saba yi ba, shi ya sa irin wannan rasuwa ba ta shiga lissafi da sunanta na gaskiya. Daga ranar na koma karatu a kan daskarewar jini, kuma abin da na karanta ya nuna mini cewa alamomin duk sun bayyana a gabana.

Daskarewar jini a asalinta rahama ce. Idan wuƙa ta yanki mutum, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, waɗanda ake kira filatilet, sukan taru a bakin raunin su toshe shi, sannan wasu sinadarai da hanta ke sarrafawa su saƙa zare a kansu har jinin ya tsaya. Ba don haka ba, da kaciya ko haihuwa sai su zama ajali. Matsala tana tasowa ne idan wannan aiki ya auku a inda ba a bukatarsa, wato cikin manyan jijiyoyin da ke can ƙarƙashin tsoka, masu mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Wannan shi ne abin da likitoci ke taƙaitawa da DVT. Gudan yakan fara ƙulluwa a sha-raɓa, ya riƙa tsawo yana hawa zuwa bayan gwiwa da cinya. Idan wani yanki ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya ratsa da shi ta ɓangaren dama na zuciya, ya kai shi jijiyoyin huhu, inda hanya ke ƙara ƙuntata har ya maƙale. Ƙaramin yanki yakan kawo haki da ciwon ƙirji, babba kuwa yana iya tare hanyar gaba ɗaya, mutum ya faɗi cikin 'yan mintoci.

Likitan nan Bajamushe Rudolf Virchow, wanda aka haifa a 1821, shi ne ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudan da ake tararwa a huhun mamaci daga jijiyoyin ƙafa yake tasowa, kuma har yau da sunansa ake kiran abubuwa uku da ke haddasa daskarewar. Na farko shi ne jini ya rage gudu. Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa da ƙarfinta, amma wajen dawowa tsokar sha-raɓa ce ke matse jijiyoyi a duk takun da mutum ya yi, wasu 'yan ƙofofi da ke cikin jijiyar kuma su hana shi komawa ƙasa, kamar yadda tuƙa-tuƙa ke ɗago ruwa muddin akwai mai tuƙawa. Wanda ya yi kwana da kwanaki bai taka ƙasa ba ya daina tuƙa wannan famfo, sai jinin ya kwanta kamar kunun da aka sauke aka bari ba a juya ba. Na biyu shi ne bangon jijiya ya sami rauni, ta dalilin karaya, ko tiyata, ko robar da aka zura cikin babbar jijiya. Na uku kuma jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa, kamar yadda yake faruwa ga mai juna biyu da mai jego, da mai ciwon daji, da mai tarin fuka ko cutar ƙanjamau, da mai sikila, da wanda ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa, da macen da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, da duk wanda ruwan jikinsa ya ƙone. Dattijon nan ya haɗa ukun. Yana kwance, ga karaya, ga zafin bazara irin namu wanda kan haura digiri 40, kuma daga baya na gane yana ƙin shan ruwa da gangan, don kada ya riƙa neman tasar fitsari a gaban surukansa mata da ke zaune a gefen gadon.

Wannan ba matsalar Katsina ce kaɗai ba. A 2008 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike mai suna ENDORSE, wanda ya duba majinyata 68,183 a asibitoci 358 na ƙasashe 32. Fiye da rabinsu suna cikin haɗarin daskarewar jini, amma a cikin masu haɗarin, kusan kashi 59 cikin 100 ne na ɓangaren tiyata suka sami kariyar da ta dace, a ɓangaren sauran cututtuka kuwa kusan kashi 40 ne kawai. Ƙungiyar masana daskarewar jini ta duniya, wadda tun 2014 ta keɓe ranar 13 ga Oktoba, ranar haihuwar Virchow, domin wayar da kai, tana cewa har kashi 60 cikin 100 na irin wannan daskarewa suna aukuwa ne yayin da mutum ke kwance a asibiti ko cikin kwana 90 bayan sallamarsa. A Ingila, tun 2010 aka wajabta wa asibitocin gwamnati tantance haɗarin kowane babba da aka ba gado, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna raguwar mace-macen da ke da nasaba da wannan cuta. Abin lura shi ne, ba sabon magani suka ƙirƙiro ba, takarda ce suka tilasta a cike.

Ita wannan takarda ba ta fi ƙarfinmu ba. Akwai ma'aunai sanannu, irin su na Caprini ga masu tiyata da na Padua ga sauran majinyata, kuma dukkansu tambayoyi ne da nas take iya yi tana ɗaukar bayanan shiga. Shekarunsa nawa? Zai iya tashi ya je bayi da ƙafarsa? Ya taɓa samun gudan jini, ko wani a danginsa na kusa? Akwai ciwon daji, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ƙiba mai yawa? Tana da ciki, ko ta haihu cikin makonnin nan? Sai a juya ɗaya ɓarin, a tambayi haɗarin zubar jini: gyambon ciki mai tsiyaya, ƙarancin filatilet, ciwon hanta ko ƙoda, zubar jini a ƙwaƙwalwa, hawan jinin da ya ƙi sauka. Ana sake wannan tantancewa washegari da duk lokacin da yanayin majinyaci ya canja. Rubuta magani hurumin likita ne, amma likita yakan zo ya wuce, nas ce ke kwana da majinyaci. Saboda haka nake ganin babu wani zagayen safe da ya kamata a bar bakin gado ba tare da nas ta yi tambaya guda ba: "Likita, me muka tsara masa na kariyar daskarewar jini?" Ko da amsar ita ce ba ya bukata, a rubuta dalili.

Kariya mafi araha ita ce motsi, kuma a nan ne aikin ya fi wuya, domin tarbiyyarmu ce muke karo da ita. A wurinmu tausayin mara lafiya shi ne a hana shi wahala. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, a ce, "Bari in ba ka." Ya yunƙura zai sauko, a ce, "Kwanta, Alhaji, kada ɗinkin ya farke." Matar da aka yi wa aiki aka ciro jariri, uwarta da gwaggonta za su zauna a kanta su tabbatar ko juyi ba ta yi ba, kuma idan nas ta zo washegari ta ce a tashe ta tsaye, sai a dube ta a matsayin marar imani. Ba na zargin masu jinya, ƙauna ce ta sa su. Laifinmu ne da muke ba da umarni ba tare da bayani ba. Na gwada na gani, idan na zauna na ce, "Inna, jinin ƙafa ba ya komawa zuciya sai an taka ƙasa, in ta kwanta zai yi gudaji, gudan nan kuma shi ke toshe numfashi," to wannan tsohuwa da ke hana ɗiyarta motsi ita ce za ta koma mai tashinta.

Ga yadda ake yi. Idan likitan tiyata bai hana ba, a fara da zama a bakin gado, ƙafafu suna lilo, a ɗan jira jiri ya wuce, sannan a miƙe da mataimaki a kowane gefe, a yi taku kaɗan, gobe a ƙara. A ba da maganin rage zafi kafin a tashe shi, ba bayan ya sha azaba ba, domin wanda ya ji jiki a karon farko ba zai yarda da na biyu ba. Robar fitsari da ledar ƙarin ruwa da suka gama amfaninsu a cire su, saboda igiyoyi ne da ke ɗaure mutum a gado. Wanda ba ya iya sauka ko kaɗan, a koya masa ɗaga tafin ƙafa sama ya mayar ƙasa, kamar mai taka keken ɗinki, da jujjuya idon sawu, sau da yawa a kowace sa'a da yake farke. Wanda ko wannan ba ya iyawa, mai jinyarsa ya riƙa lanƙwasa masa ƙafar a hankali yana miƙarwa. A ɗakin da nas biyu ke kula da gadaje masu yawa a daren Allah, masu jinya ne hannayen da muke da su, kuma na ga yana taimakawa a ɗaura musu aikin da lokutan salla, tunda su ne agogon da ba ya kuskure a wurinmu. Shan ruwa ma a sa ido a kai, in dai ba a ƙayyade masa ba saboda ciwon zuciya ko ƙoda, a kuma ja labule, a nemi baƙi su ɗan fita, domin kunya ta daina hana dattawa sha.

Sai dai motsi kaɗai ba ya wadatar da mai babban haɗari, kuma kuskure ne a ce tunda yana zuwa bayi da kansa ya tsira. Akwai safar asibiti mai matse ƙafa, wadda ta fi matsewa a idon sawu tana sassautawa zuwa sama. Dole a auna ƙafa kafin a zaɓi girmanta, a cire ta kullum a duba fata, musamman dunduniya, kuma kada a bari ta naɗe a ƙarƙashin gwiwa ta zama tsinkiya. Ba a sa wa wanda jijiyoyin da ke kai jini ƙafarsa suka ƙuntata, ko mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, ko mai gyambo. Binciken CLOTS na 2009 ya nuna doguwar safa ba ta kare masu shanyewar ɓarin jiki ba, sai ma ta ƙara musu raunukan fata, yayin da wani zagayen binciken a 2013 ya nuna na'urar da ke hura iska cikin rigar ƙafa tana matsawa tana saki ta rage musu daskarewar. Bandejin da ake naɗawa da hannu ba madadin safar ba ne.

Allurar kariya da aka fi sani ita ce inoksafarin, wadda mutane suka fi kira da sunan kasuwa Clexane, kuma ga babban mutum yawanci miligiram 40 ne sau ɗaya a rana, a rage idan ƙoda ta yi rauni sosai. Inda kuɗi suka yi ƙaranci akwai hefarin na asali, wanda aka gano tun 1916, ana ba da yunit 5,000 sau biyu ko uku a rana. Yadda ake yin allurar yana da muhimmanci. Ana yin ta a ƙarƙashin fatar ciki, nesa da cibiya da kamar santimita 5, yau dama gobe hagu. A tattaro fatar da yatsu biyu, a soka allurar a tsaye, a tura maganin a hankali ba tare da sakin fatar ba. Ɗan kumfan iskar da ke cikin sirinjin da ya zo a cike ba a fitar da shi, kuma bayan an zare ba a murza wurin, domin murzawa ce ke kawo tabon nan baƙi da ke tsorata dangi. A kiyaye lokaci guda kullum. Idan za a yi wa majinyaci allurar ƙashin baya ta kashe zafi, ana barin aƙalla sa'a 12 tsakaninta da allurar kariya ta ƙarshe, don haka dole a rubuta ainihin lokacin da aka yi ta, ba alamar "an yi" kawai ba. Daga rana ta biyar zuwa ta goma a lura da adadin filatilet, saboda hefarin kan kayar da su ga wasu ƙalilan, kuma abin mamaki wannan faɗuwa daskarewa take ƙarawa. Abin da ya fi damuna a wurarenmu shi ne tsallake allura saboda ba a sayo ba. Idan dangi suka kasa, kada nas ta rubuta "babu magani" ta yi shiru har kwana uku; ta sanar da likita a ranar, a nemi mai rahusa.

Akwai wata magana da ba na son ɓoyewa, domin wata rana majinyaci zai karanta ta a wayarsa ya ce an yaudare shi. Mafi yawan hefarin da ake amfani da shi a duniya, har da inoksafarin, daga hanjin alade ake tace shi. Akwai magunguna da ake haɗawa daga sinadarai zalla, kamar allurar fondafarinuks da ƙwayoyin ribaroksaban da afiksaban, amma ba kowa suka dace da shi ba, kuma ƙwayoyin ba a ba mai juna biyu. Ƙa'idar lalura sananniya ce a fiƙihu, kuma malamai da dama sun gina halarcin irin wannan magani a kanta idan babu madadi. Ra'ayina shi ne a gaya wa wanda ya tambaya gaskiya, a bayyana masa girman haɗarin barin allurar, a ba shi damar tuntuɓar malaminsa, likita kuma ya san halin da ake ciki.

Duk kariyar da aka yi, wasu za su kamu, kuma a nan ido da hannun nas ne ke ceto. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce kumburin ƙafa ɗaya, da ciwo ko tauri a sha-raɓa, da ɗumi fiye da 'yar'uwarta. Littattafan da muka karanta suna cewa fata za ta yi ja, amma a fatarmu ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu yana sheƙi, don haka bayan hannu ya fi ido gani. Tef ɗin awo irin na tela ya isa. A laluba ƙashin da ya ɗan turo a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, a sauko santimita 10, a yi alama da biro a ƙafafun biyu, a auna kewayen kowace. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin kai wa likita ne nan take. Tsohon gwajin lanƙwasa tafin ƙafa don a ji ko akwai ciwo an daina dogaro da shi. Hoton jijiyoyi na na'urar sikanin shi ke tabbatarwa. Gwajin jini na di-daima, mai neman ɓurɓushin gudan jinin da ke narkewa, ba ya cika amfani ga wanda aka yi wa tiyata ko mai ciki, tunda dama yakan hau a jikinsu. Idan zato ya yi ƙarfi kuma hoton zai ɗauki lokaci, likita yana iya fara magani kafin sakamako. Kafin nan, a hana tausa. Wannan sai an faɗa da babbar murya, domin abu na farko da mai ƙauna ke yi wa kumburarriyar ƙafa shi ne ya shafa man zafi ya murza, ko ya gasa da ruwan zafi, ko a kira wanzami ya yi ƙaho, kuma matsa ƙafar da ke ɗauke da sabon gudan jini kasada ce da rai.

Idan gudan ya kai huhu, alamun sukan zo farat ɗaya: haki ba dalili, ciwon ƙirji mai ƙaruwa idan an ja numfashi, bugun zuciya sama da 100 a minti, tari wani lokaci da jini, zufa, firgici, ko suma. Sau da yawa akan ɗauke shi limoniya ko asma ko tsoro. Ƙidaya numfashi na cikakken minti guda da maƙala na'urar auna iska a yatsa sukan fallasa shi tun da wuri, kuma waɗannan su ne awon da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi idan aiki ya yi yawa. A ɗaga kan gado, a sa oksijin, kada a bar shi ya taka zuwa ko'ina, a tabbatar akwai kanula, wato robar da ake zura wa jijiya don ba da ruwa da magani, a kira likita ba tare da barin majinyacin shi kaɗai ba. A kuma yarda da abin da majinyaci ya faɗa game da jikinsa. Shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka Serena Williams, wadda ta taɓa samun gudan jini a huhu a 2011, ta ba da labarin yadda washegarin haihuwarta ta hanyar tiyata a 2017 ta ji numfashinta ya canja, ta nace sai an yi mata hoton ƙirji an sa mata hefarin, hoton kuma ya tabbatar da abin da ta ji. Idan mai suna da dukiya irinta sai da ta nace, to ina ga baiwar Allah daga Baure ko Mai'aduwa wadda ko ɗaga murya a gaban ma'aikaci ba ta saba ba?

Maganin da muke kira na tsinka jini ba ya narkar da gudan, hana shi girma yake yi, jiki kuma ya narkar da shi sannu a hankali. Masu narkarwa kai tsaye an keɓe su ga wanda gudan huhu ya sa ƙarfin bugun jininsa ya faɗi, saboda haɗarinsu. Ana shan magani aƙalla wata 3, kuma da zarar ya fara aiki, takawa ta fi kwanciya, saɓanin abin da aka koyar a da. Wafarin, wanda ya fara fitowa a matsayin maganin ɓera a 1948 kafin a amince da shi ga mutane a 1954, shi ne mafi sauƙin kuɗi kuma mafi bukatar kulawa. Ana haɗa shi da allura na aƙalla kwana 5, sannan a riƙa gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, don a tsayar da sakamakonsa tsakanin 2 da 3. Sinadarin bitamin K da ke cikin ganyaye irin su alayyahu da kabeji da latas yana rage ƙarfinsa, amma ba a ce mutum ya daina cin miyar ganye ba, a'a, kada dai ya yi wata bai ci ba sannan ya dinga ci kullum. Flagyl da Septrin suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle, rifamfisin na masu tarin fuka kuwa yana raunana shi. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a kowane kemis don ciwon jiki, suna ƙara haɗarin zubar jini ga duk mai shan irin waɗannan magunguna, haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Allurar tsoka a kemis, da ƙaho, da cire haƙori, duk sai an sanar da likita. Haɓo mai ƙin tsayawa, jinin dasashi, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa, kowanne dalilin dawowa asibiti ne a ranar.

Masu haihuwa suna bukatar kulawa ta daban. Ciki yana ninka haɗarin kusan sau huɗu zuwa biyar, ƙafar hagu ce ta fi kamuwa, kuma haɗarin ya fi tsanani a makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato kwanakin arba'in ɗin da mai jego ke zaune a ɗaki. Tiyatar haihuwa, zubar jini mai yawa, jijjiga, ƙiba, da yawan haihuwa duk suna ƙara shi. Wankan jego da ruwa mai tsananin zafi yana fitar da gumi mai yawa, don haka dole a dage da shan ruwa da zagaya tsakar gida. Kumburin ƙafa da haki ga mai jego ba abin jira ba ne har a yi suna, domin ko ba gudan jini ba ne, yana iya zama ciwon zuciyar bayan haihuwa da ya yawaita a arewacin ƙasar nan. Wafarin yana cutar da ɗan tayi, shi ya sa allura ake ba mai ciki, amma bayan haihuwa mai shayarwa tana iya shansa.

Ranar sallama ita ce inda muka fi sakaci, ana ta hanzarin biyan kuɗi da kwashe kwanuka, alhali haɗarin yana bin mutum gida har wata uku. Bayan babbar tiyatar ciwon daji a ciki akan ci gaba da allura har kwana 28, bayan aikin kwatangwalo kuma har zuwa kwana 35, don haka sai an koya wa majinyaci ko wani nasa yin ta, ya gwada a gaban nas kafin ya fita. Wanda zai yi doguwar tafiya a mota, kamar daga Katsina zuwa Funtuwa, a gaya wa direba ya riƙa tsayawa ya sauko ya taka. Wanda ya zaɓi komawa wurin mai ɗori, ba na faɗa da shi, amma ina gaya wa danginsa cewa makonnin da zai yi a ɗaure a ɗaki suna da haɗari irin na gadon asibiti, in kuma lissafa musu alamomin da za su sa su ɗauko shi ko da tsakar dare ne. Ba na tambayar "kun gane?", domin ladabi zai sa kowa ya ce ya gane. Nakan ce wa mai jinya, "Yaya, maimaita mini abin da za ka yi in ƙafar ta kumbura," in saurara har ya kai ƙarshe, in gyara inda ya kauce. Sannan in rubuta ranar dawowa gwaji da Hausa a bayan katin, da manyan baƙaƙe, in nuna wa wanda ya iya karatu a cikin masu rakiyarsa.